Yadda Za Ka Tsare Gidanka Daga Haɗarin Wutar Lantarki, Mataki-Mataki

Wutar lantarki a ƙasar nan ba ta sallama in za ta shigo, ba ta ban kwana in za ta tafi. A ɗauke ta da hantsi ana tsakiyar guga, a dawo da ita ƙarfe 2 na dare kowa ya yi barci. Ga shi yanzu gida ɗaya yana shan wuta ta hanya biyu ko uku: ta kamfani, wadda har gobe NEPA muke ce mata duk da an soke sunan tun 2005, da ta janareta, da ta sola. Shi ya sa "ai babu wuta" ba maganar da za ka jingina ranka a kanta ba ce. Duk wayar da ba kai ka kashe da hannunka ba, ka kuma gwada ka tabbatar, ɗauka kawai tana da wuta.

Wutar da ke cikin soket a Najeriya bolt 230 ce, a Nijar 220. Abin da ke kisa dai shi ne yawan wutar da ta ratsa jiki, wanda ake aunawa da amfiya, kuma ɗan kaɗan ya isa. Amfiya 1 miliamfiya 1,000 ce. Da zarar miliamfiya 10 zuwa 15 ta bi ta hannu, tsoka za ta ƙanƙame, mutum yana so ya saki waya yatsu sun ƙi buɗewa. Kimanin 50 in ta bi ta ƙirji tana iya rikita bugun zuciya. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60 kuwa yana jan kusan 260. Ka ga ke nan wutar da ba ta isa ta haska ƙwai ɗaya ba ta isa ta kwantar da ƙato. Busasshiyar fata tana ɗan tare ta, jiƙaƙƙiya ko mai gumi tana buɗe mata hanya.

Mataki na 1: Kowa a gidan ya san inda ake kashe wuta

Je ka tsaya gaban allon wutar gidanka, wato wajen mita da fis da birekoki. Nemo babban makunnin da ke kashe gidan gaba ɗaya. Daga nan ka riƙa sauke birekoki ɗaya bayan ɗaya, wani yana ciki yana faɗa maka ɗakin da ya mutu, kana rubutawa a takarda ka manna a gefe. Sai ka kira uwargida da manyan yara ka nuna musu, kowa ya ɗaga ya sauke da hannunsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin galibi lokacin da abu zai faru maigida yana kasuwa ko ofis. A kwashe buhunan hatsi da babur da aka jingine a gaban allon, a rataye tocila kusa.

Tun da kana wurin, sa ido da hanci. Baƙin tabo a jikin roba, ƙaurin ƙonewa, ƙarar zuzu ko tartsatsi, duk alamun wata waya ce ta saki tana zafi. Idan gidan mai tsohon fis ne na tangaran, a duba abin da ke cikinsa. Siririyar wayar fis an yi ta ne don ta narke ta tsinke in kaya ya yi yawa. Wanda ya gaji da canza ta ya naɗa kakkaurar waya a madadinta ya mayar da wayoyin cikin bango su ne fis, su za su ƙone.

Akwai kuma ɗabi'ar nan ta zare katawut, wato babban fis ɗin da ke wajen mita, da hannu a mayar da shi wani layin in layin gidan ya yi rauni, sau da yawa cikin duhu, da silifa jiƙe. Wayar da ke shigowa katawut daga falwaya take, babu makunnin da ke kashe ta a cikin gidanka. In layi uku gare ka, a sa maka makunnin zaɓen layi na gaskiya.

Mataki na 2: Bireka mai tsaron rai da wayar ƙasa

A nan ne na fi so mutum ya kashe kuɗinsa, ko da zai jinkirta fenti da tayil. Birekokin da ke jere a allo masu rubutun 10 ko 20 ko 32, waya suke tsarewa. Ba sa faɗuwa sai wuta ta zarce wannan adadi na amfiya, alhali mun ga kashi ɗaya cikin ashirin na amfiya guda ya isa ya tsayar da zuciya. Mutum na iya mutuwa riƙe da waya bireka tana tsaye ƙyam.

Mai tsaron mutum daban take. Masu gyaran wuta suna kiran ta RCD ko RCCB, wasu su ce ELCB. Aikinta gwada wutar da ta fita ta waya mai wuta da wadda ta dawo ta ɗaya wayar. Muddin suka bambanta, to wani ɓangare ya yoye ta wata hanya, ƙila ta jikin firji, ƙila ta jikin yaro, nan take sai ta yanke cikin ƙasa da daƙiƙa guda. Nemi mai rubutun 30mA a jikinta, wato miliamfiya 30. Mai 100 ko 300 don gobara aka yi ta, ba ta isa kare rai ba. Za ka gane ta da wani ɗan maɓalli mai harafin T. Danna shi duk bayan watanni 3 lokacin da ake da wuta. In ba ta faɗi ba ta mutu, a canza.

Abin da yakan faru bayan an sa ta shi ne ta yi ta faɗuwa, musamman da damina, har ran maigida ya ɓaci ya ce a cire masa wannan fitinanniya. Kada a cire. Faɗuwar tana nufin akwai yoyo a wani wuri. Zare dukkan filogi, ɗaga ta, ka riƙa mayar da kayan ɗaya-ɗaya har ka kama mai laifin. Yawanci hita ce, ko tsohon firji, ko fitilar waje da ruwa ya shiga.

Abokiyar aikinta ita ce wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya. Tana tashi daga ramin sama na kowane soket, ta haɗu a allo, ta tafi ga wata sandar jan ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa. Idan waya ta goge a cikin firji ta taɓa jikinsa, ta nan wutar za ta bi ta nutse maimakon ta jira hannun mai buɗewa. A gidaje da yawa ramin yana nan amma babu waya a bayansa, an yi tsimin kuɗi lokacin gini. A wasu kuma sandar ta ruɓe, ko ƙasar ta bushe ƙamas da rani har ta daina aiki sosai. Sa mai gyara ya buɗe soket biyu ko uku ka gani da idonka, ya kuma auna sandar da na'ura. Firjin da ke ɗan jan mutum in ya taɓa shi ba takalmi, ko famfon da ke tsikarar hannu, ba abin sabo ba ne. A kashe shi ranar, a kira mai gyara.

Mataki na 3: Waya da mai wayarin

Kowace waya da nauyin da za ta iya ɗauka. Ta fitilu da fanka mai lamba 1.5 ce, ta soket 2.5. Na'urar sanyaya ɗaki da hitar banɗaki da murhun lantarki kowanne yana son layinsa shi kaɗai daga allo, da waya mai lamba 4 ko 6 gwargwadon girmansa. Launi ma ka san shi: a tsohon tsari ja ce mai wuta, baƙa ce ta dawowa, a sabo ruwan ƙasa ce mai wuta, shuɗiya ta dawowa. Duka biyun suna cikin gidajenmu, wani lokaci a ɗaki guda, don haka launi ishara ce kawai, testa ce ke tabbatarwa. Ita ma testar a fara gwada ta a soket mai wuta a ga ta kama kafin a yarda da shirunta.

Araha ba ta ado, a kan waya kuwa har gobara take jawowa. Kasuwa cike take da wayar alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Feɗe bakinta ka kankare da wuƙa: in cikin ya fito fari, mayar musu da kayansu. Ɗaga naɗin ma ka ji, ta gaskiya tana da nauyi. Alminiyom yana saki a wurin ɗauri, wurin ya yi zafi, roba ta narke, kuma duk wannan a cikin silin yake faruwa inda ba mai gani, kusa da busasshen katako da sheƙar ɓera. Haɗin da aka murɗa da hannu aka naɗe da baƙin salatif ma haka yake ƙarewa. Kowane haɗi a yi shi cikin akwatinsa, a ɗaure da noti.

Hukumar NEMSA mai kula da ingancin aikin lantarki a Najeriya, wadda dokar 2015 ta kafa, tana ba masu aikin wayarin shaidar ƙwarewa, kuma ba rashin kunya ba ne ka ce a nuna maka. Yaron maƙwabta da ya iya canza ƙwan fitila a bar shi a kan ƙwan fitila. Ranar da mai gyara ke aiki a gidan, a sauke babban makunni, a kashe inbata mai ba gida wuta daga batir, a gaya wa kowa kada a tayar da inji.

Mataki na 4: Soket, filogi da ekistenshan

Lissafin mai sauƙi ne. Soket ɗinmu mai rami uku amfiya 13 yake ɗauka. 13 sau 230 ya ba ka kusan wat 3,000. Dutsen guga yana cin 1,000 zuwa 2,000, butar lantarki kusan 2,000 ko fiye, cajar waya kuwa ko 30 ba kasafai take kaiwa ba. Wato caja shida a ekistenshan ɗaya ba matsala, dutsen guga da buta kaɗai sun wuce iyaka. Ƙaramin ekistenshan na bakin titi ma ba ya kaiwa ko kusa da wat 3,000, saboda wayarsa 'yar siririya ce. Duk abin da ke dumama ko dafa wani abu a jona shi kai tsaye a bango. Kada a jona ekistenshan a jikin ekistenshan, kada a bi da waya ƙarƙashin leda ko kafet ko ta bakin ƙofa inda za a riƙa datse ta. Taɓa filogi bayan ya yi rabin awa yana aiki: ɗumi kaɗan ba komai, zafin da zai sa ka janye hannu matsala ne.

Sai tsiraicin waya da ake cusawa a soket a tokare da tsinken ashana. Dubi abin da kyau: gashin wayar a baje, rabi a ciki rabi a waje, a daidai tsayin yaro mai rarrafe, kuma duk motsi sai ya yi tartsatsi. Filogi ba wani tsada gare shi ba. Soket mai kyau yana da ɗan murfi a ciki da ke toshe ramukan ƙasa har sai dogon ƙarfen sama ya tura shi, don yara aka yi. Mai zura murfin biro ya buɗe shi a gabansu ya koya musu darasin da za su gwada da ƙusa. Soket da ya fashe ko ya yi baƙi a canza shi.

Mataki na 5: Inda ruwa yake

Da sanyin hunturu ya shigo sai 'yar hitar da ake tsomawa a bokiti ta fito. Ga tsarin amfani da ita, kuma ba a sauya shi: a tsoma ƙarfen ya nutse cikin ruwa, sannan a jona, in ruwa ya yi zafi a zare filogi, a ɗan jira, sannan a ciro ta. Ba a tsoma yatsa a ji zafin ruwa tana jone, ba a taɓa bokitin ƙarfe, ba a barin yaro kusa, ba a tafiya a bar ta. Ruwa ya ƙafe, bokitin roba ya narke, sai labule ya kama.

A banɗaki kada a sa soket, kuma makunnin hita ya kasance a waje. Uwargida, kada ki taɓa makunni ko injin markaɗe da hannu jiƙe, kada ki yi guga ba takalmi a kan siminti mai danshi. Injin tura ruwa na rijiya ko burtsatse lallai ya samu wayar ƙasa da bireka mai 30mA, kuma haɗin wayarsa kada ya kwanta inda ruwa ke taruwa. Wayar salula mai caji ba ta shiga wanka, ba ta kwana ƙarƙashin matashi. Batirin da ya kumbura a daina cajinsa.

Mataki na 6: Minti biyu na bayan ɗauke wuta

Da an ɗauke, a zagaya a zare dutsen guga, hita, buta da murhun lantarki. A bar ƙwai ɗaya a kunne don a san ta dawo. In ta dawo, a ba ta 'yan mintoci kafin a kunna firji da talabijin. Idan ka ga wasu fitilu sun yi wani irin haske fiye da ƙima wasu sun dusashe, maza ka sauke babban makunni: alama ce wayar dawowa ta tsinke a layi, kuma wuta na iya haurawa kusan bolt 400 ta ƙone kayan gida.

Mataki na 7: Janareta da sola

Hayaƙin janareta ya hallaka iyalai a cikin barcinsu a sassa daban-daban na Najeriya. Gubar da ke cikinsa, kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari. Tana farawa da ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, sai barci ya yi nauyi. Dalilin shigar da inji zaure ko kicin ko lungun bene kullum biyu ne, ɓarayi da ruwan sama, kuma maganinsu ɗaya: kejin ƙarfe mai rufi a fili, nisan aƙalla mita 6 daga taga da ƙofa, bakin salansa yana kallon nesa da ɗakuna, naka da na maƙwabci. Buɗe taga ba ya wadatarwa. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki da sanyi ma wannan gubar yake fitarwa. In mutane biyu ko uku a gida suka tashi da ciwon kai lokaci guda inji yana aiki, a fita waje, a kashe shi, a tafi asibiti.

Ba a zuba wa inji fetur yana aiki ko yana da zafi, ba a haska tanki da ashana ko kyandir. Jarkar mai a ajiye ta nesa da madafa.

Haɗa shi da gida kuma sai ta canjoba, mai raba layin kamfani da na inji ta yadda ba za su taɓa haɗuwa ba. Waya mai filogi biyu da ake sokawa a soket tana tura wutar injinka waje ta bi layi. Taransifomar da ke sauko da bolt 11,000 zuwa na gida tana iya yin aikin a juye, ta haura da wutarka sama, alhali ma'aikacin da ke kan falwaya ya hau ne da sanin an kashe layi. In kuma aka kawo wuta suka yi karo, injin ne zai tashi aiki, ko gidan.

Sola ta zo da nata. Inbata tana ci gaba da ba gida wuta ko unguwa duka tana duhu, faifan kan rufi kuma muddin rana na dukansa yana da wuta. Batir mai ruwa yana fitar da iska mai kamawa da wuta lokacin caji, don haka ba a ɗakin kwana ake ajiye shi ba, wuri mai shan iska yake so. A sa fis tsakanin batir da inbata, a rufe kawunan batir, domin sifana ɗaya ta faɗa a kansu tana iya yin ja ta narke.

Mataki na 8: Tsakar gida da ƙofar gida

Ɗaga kai ka dubi wayar da ta taso daga falwaya. In tana gugar kwanon rufi, wata rana za ta goge rufin duka ya ɗauki wuta, har da ƙofar ƙarfe da wayar shanya da aka ɗaura a jikinsa. Ba a ɗaure shanya ko dabba a jikin falwaya ko wayar da ke tokare da ita. Mai ɗaga eriya, ko rodi, ko dogon tsani, ko sandar kaɗo mangwaro, ya fara duba sama. Babban layi ba sai an taɓa shi ba, kusanta kaɗai tana sa wuta ta yi tsalle.

Ƙa'ida ta ware filin da ba a gini a ƙarƙashin manyan layuka: faɗin mita 50 ga mai bolt 330,000, mita 30 ga mai 132,000, mita 11 ga mai 33,000 da 11,000. A Afrilun 2017 a Kalaba, babbar waya ta tsinke ta faɗa kan rufin wani gidan kallon ƙwallo ana kallon wasan Manchester United da Anderlecht, mutum aƙalla 7 suka rasu. Rumfunan kwano irin wannan, na kallo da na shayi da na caji, suna nan birjik ƙarƙashin layi a garuruwanmu.

Bayan iskar damina, wayar da ta faɗi ƙasa a ba ta tazarar mita 10, a tsaya a hana yara da dabbobi, a kira kamfanin yankin: KEDCO a Kano da Katsina da Jigawa, Kaduna Electric a Kaduna da Zamfara da Sakkwato da Kabi, NIGELEC a Nijar, da sauransu. Ƙasar da ke kewaye da ita ma tana da wuta, kuma tazarar da ke tsakanin ƙafafu biyu ta isa ta sa ta ratsa mutum. Wanda ya tsinci kansa kusa ya haɗa ƙafafunsa ya riƙa jan su a hankali, ba gudu. In a kan mota wayar ta faɗa, a zauna ciki har a kashe layi. Taransifomar unguwa kuma ba ta samarin unguwa ba ce, komai daɗewar duhu.

Mataki na 9: In abin ya riga ya faru

Wuta ta riƙe mutum, kada ka cafke shi, za ta haɗa da kai. Sauke babban makunni ko zare filogi. In ba hali, tsaya kan busasshen katako ko kujerar roba, ka ture wayar da busasshiyar taɓarya ko sanda. Wannan ga wutar gida ne kawai. Ta babban layi ba a tunkarar ta da sanda, sai kamfani ya kashe.

Da ya rabu da wuta, kira sunansa, dubi ƙirjinsa. Wani ya kira 112 a Najeriya ko 18 a Nijar, wani ya nemo mota. In ba ya numfashi, kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ɗora tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗaya a kan ɗaya, ka danna zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Wanda ya koya ya hura masa iska sau 2 bayan kowane danni 30, wanda bai koya ba ya ci gaba da danni kawai, ana karɓar juna. Namiji ne ko mace, kunya ba ta da gurbi a nan. In yana numfashi amma a sume, a juya shi gefe. Ba a ɗura masa madara ko ruwa, zai shaƙe. Ba a binne shi a yashi, ba a dukansa.

Ƙuna a sa ta ƙarƙashin ruwa mai tsabta na minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Ban da man goge baki, ɗanyen ƙwai, manja ko toka. Ƙunar lantarki tana da yaudara: ɗan tabo a tafin hannu, wani a ƙafa, ɓarnar tana ciki. Duk wanda ya suma, ko ya ƙone, ko yake jin ciwon ƙirji, da mace mai ciki, a kai su asibiti ko sun ce sun warware.

In gobara ce ta tashi daga waya, a kashe wuta ta dukkan hanyoyinta, ta kamfani da inji da inbata, kafin kowa ya ɗauki bokiti. Kafin nan busasshen yashi ne abin watsawa, ko tukunyar kashe gobara mai hoda. Da wuta ta kama silin, lokacin ɗibar kaya ya wuce: a fitar da kowa, a sunkuya ƙasa da hayaƙi, a ja ƙofa a rufe, a kira 'yan kwana-kwana. Yawancin tagoginmu an datse su da ƙarfen hana ɓarawo, ƙofa ce kaɗai mafita, saboda haka makullin ƙofar dare a ware masa ƙusa ɗaya kusa da ƙofar, inda babba da yaro za su lalubo shi cikin duhu.